Duba-gari da Rijiyar Ƙaninsa

Duba-gari ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Shi kuwa ya tsani sunan nan, don digiri gare shi cikakke a fannin kiwon lafiyar al'umma. Shekara huɗu ya yi a jami'a, sai da mahaifinsu ya sayar da keken ɗinkinsa guda kafin a kai ƙarshe. Ranar da ya kawo takardar gida, Inna ta shafa ta, ta ce, "To, yanzu ka zama likita ke nan?"

Ya ce, "A'a, Inna. Likita sai an kwanta yake dubawa, ni hana mutane kwanciyar zan yi."

Ta ce Allah ya sa albarka, amma kana ganin fuskarta ka san ba haka ta so ba.

Shekara uku yana yawon neman aiki kafin sashen lafiya ya ɗauke shi. Aka ba shi tebur mai gurguwar ƙafa da ake tokarewa da tsohon fayil, da babur ɗin ofis da ba ya tashi sai an tura. Aikinsa leƙa kwata, mahauta, gidajen abinci da bayan gidan makarantu. Albashin kuwa, kafin goma ga wata ya yi sallama.

Ga kuma ƙaninsa, Auta. Auta fa sau biyu yana faɗuwa jarrabawar sakandare! Ya haƙa rijiyar burtsatse a wani fili, ya sayo injin ƙulla ruwan leda, cikin shekara shida sai ga motoci huɗu suna rabon ruwa. Shi ya sake wa Inna rufin ɗaki. In an taru a gida shi ake neman shawararsa, har a kan ciwon gwiwar Inna, mai digirin lafiya yana zaune a gefe kamar baƙo.

Kada mu ɓoye, hassada ta ci Duba-gari. Abu ɗaya yake so a duniya: rana guda dai a gidan nan a yarda karatunsa ya tsinana wani abu. Don haka duk zuwan da zai yi kamfanin sai ya tsinto aibu. Yau ma'aikata ba safar hannu, gobe ƙuda ya yi yawa a bakin ƙofa. Tun ana kulawa har aka daina. Da ya buɗe baki sai Auta ya yi dariya ya ce, "Yaya ya fara."

To, mutumin yana da wata ɗabi'a ta aiki. Ko ina ya ga rijiya sai ya ƙirga taku tsakaninta da ramin masai, kuma ƙasa da talatin bai yarda ba. Wata Asabar ya biya ta kamfanin, ya tarar maƙwabta sun yi ginin haya a bayan katanga, sun haƙa raminsu. Ya ƙirga. Taku goma sha ɗaya! Bai ce wa kowa uffan ba. Ya ciro kwalbar gwaji daga jakarsa, ya cika, ya sa a ƙanƙara, ya kai ɗakin gwaji.

Sakamako ya fito, ƙwayoyin cutar bayan gida sun shiga ruwan. Wallahi murmushi ya fara yi. Sai daga baya ya tuna 'ya'yansa ma ruwan suke sha, don duk mako Auta na aiko musu da shi kyauta. Ya ji kunyar kansa, amma kunyar ba ta kai shi wajen ƙaninsa ba. Ofishin shugaban sashe ta kai shi, yana son a rufe kamfanin da takarda, kowa ya gani.

Shugaban ya juya takardar ya ce, "Wa ya ga ka ɗiba? Ina abokin aikinka na biyu? Ina sa hannun mai kamfani a kan kwalbar?"

Ƙa'idar da Duba-gari da kansa yake koya wa sababbin ma'aikata ce, zumuɗi ya sa ya tsallake ta.

"Kuma ƙaninka ne? Haba malam! Ɗauki abarka."

Kafin azahar magana ta isa gida. Inna ba ta ko amsa gaisuwarsa ba. Ta ce, "Ciki ɗaya kuka fito, amma abincinsa kake son rufewa? Wannan ba aiki ba ne, baƙin ciki ne." Ya rantse ruwan ya gurɓace, ba wanda ya saurare shi. Ya daɗe yana kushe wurin nan, wa zai yarda yau?

Bayan mako uku Auta ya zo ofis, ya zauna a kan bencin baƙi. Ya ce, "Yaya, gaskiyarka ce. Ranar da na ji na kashe injin, na sa aka sake gwadawa. An haƙa sabuwar rijiya can nesa. Na kuma ɗauki wata yarinya mai irin karatunka, ta riƙa duba mana ruwan duk mako."

Ya faɗi abin da yake biyanta. Ninki uku na albashin Duba-gari ne, har da ɗoriya.

"Wallahi kai nake so na ɗauka tun bara, nauyinka nake ji, kada ka ce na raina ka. Da ka tako ka faɗa mini, da shi ke nan. Amma yanzu Inna ta ce kada ka sake taka wurin."

Duba-gari ya ce, "Wace jami'a ta yi?"

"Taku. Ta ce ma a ofishin nan ta yi horon aiki. Wai kai ka koya mata yadda ake ɗiban ruwan gwaji."