Taswirar da ta rushe mana soro

Shekarun baya, daidai lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina digiri na biyu a fannin nazarin ƙasa. Aikina shi ne auna zafin doron ƙasa a cikin birnin Kano da hotunan tauraron ɗan'adam. A faifai ake kawo mana hotunan, mu yi ta layi a kan kwamfuta ɗaya tal da ke sashenmu. Ni kuwa a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni sani a duk faɗin unguwarmu ta Koki.

Tauraron ba ya taɓa ƙasa, zafin da abu yake saki sama kawai yake gani. Kowane abu kuma da yadda yake sakin nasa, don haka sai ka ba lissafin ma'aunin kowanne kafin ya faɗa maka gaskiya. Ni da gaggawa, sai na ɗauki ma'aunin busasshiyar ƙasa na shafa wa birnin gaba ɗaya. Taswira ta fito tsaf, gidajen ƙasa jajawur, masu rufin kwano kuwa shuɗi, alamar sanyi.

A daminar nan soron mahaifiyata ya fara yoyo. Kakanmu ne ya gina shi, rufin azara mai ɗaurin guga, irin mai lanƙwasassun bakuna da ke haɗuwa a tsakiya. Yayyena suka ce a sauke shi a buga kwano kamar kowa. Mahaifina, wanda ya tsufa a sana'ar gini, ya ce yaɓe kawai yake so. Ana cikin wannan ja-in-ja na shigo da taswirata na shimfiɗa a zaure, na yi ta zuba bayani har da Turanci cewa kwano ya fi sanyi.

Baba ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Shi tauraron naka ya taɓa yin ƙailula a ƙarƙashin kwano?"

Aka yi dariya, ni kuwa na ji haushi. Na ce masa zamanin kintace ya wuce, wannan kimiyya ce. Bai yi faɗa ba. Ya naɗe taswirar ya miƙo mini, ya ce tunda mu ne muka yi karatu, mu yi yadda muka gani. Ranar da aka sa gatari a soron, tun safe ya fita, sai bayan la'asar ya dawo.

Da bazara ta shigo ɗakin ya zama tanda. Mahaifiyata mai hawan jini ce, kullum daga hantsi sai ta kwashe tabarmarta ta koma gindin katanga tana bin inuwa.

Cikin wannan bazarar malamin da ke duba aikina ya dawo daga tafiya. Kallo ɗaya ya yi wa taswirar ya ce in biyo shi waje. Ya sa na dafa katangar ƙasa, sannan na dafa kwanon rumfar mai shayi. Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Ya ce ƙarfe mai sheƙi rowar zafinsa yake yi, kaɗan yake saki sama, shi ya sa tauraro ke ganinsa kamar mai sanyi alhali wuta ce. Tunda ban ba kwano ma'auninsa ba, lissafin ya yi mini ƙarya, ni kuma na kai ta gida.

Na gyara aikin, na ci jarrabawa, har aka yaba. Amma ban taɓa zama gaban Baba na ce na yi kuskure ba. Kullum sai in ce gobe. Shi ma bai taɓa tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara biyu.

Bayan sadakar arba'in na gaya wa mahaifiyata komai. Ta ce ai sun sani tun ranar farko. Wai ita ta so ta yi mini magana, Baba ya hana ta, ya ce, "Ƙyale shi, kada karatun ya fita daga ransa. Zai gano da kansa."

Yau ni nake koyar da wannan darasin, kuma ba na karɓar taswirar ɗalibi sai ya je unguwar da ƙafarsa ya tambayi masu kwana a ciki. Daga baya mun sa wa Hajiya mahaifiyata silin da fanka, zafin ya ragu. Na nemi maginin da zai mayar mana da ɗaurin guga, duk wanda aka kwatanta mini sai in tarar ya rasu ko ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya fi su iyawa a gidanmu yake, ni na ce masa zamaninsa ya wuce.