Askin Rabin Kai

Baba Mai Aski ya tsufa yana kallon ƙeyar mutane. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da kujera mai juyawa da madubin da ya tsage a gefe, in ka zauna sai ka ga kunnenka na hagu ya yi ƙaura. Tun ina yaro shi ke min aski, kuma duk salon da ka nema, tas zai aske maka kai.

Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa ta dawo gidan na ɗan lokaci da ƙaramar yarinyarta, wadda yake kira Uwata. Makarantar yarinyar ta buɗe ajin yamma na iyali: yaro ya zo da babba, su zauna benci ɗaya su koyi karatu tare. Uwar tana wajen aiki, sai aka tura Baba. Ya tafi rakiya, ya dawo da littafi a hammata.

Aikin gidan da Malama ke ba su ɗaya ne: kowa ya karanta wa wani a gida, da murya. Uwata kan hau kujerar askin tana lilo da ƙafa, shi yana bin baƙi da yatsa.

"Kaka, ka tsallake layi!"

"Layin ne ya tsallake ni, Uwata."

Sai mijin 'yar ya samu ɗaki a garin da yake aiki, ya kwashe iyalinsa. Baba ya koma aji shi kaɗai, ya zauna a gefen bencin kamar yadda ya saba, ya bar wurin yarinyar. Malama ba ta kore shi ba. Ta ce, "Baba, ka ci gaba da zuwa, amma ka nemi mai sauraro. In ba ka furta shi a kunnen wani, zubewa zai yi."

A gida babu kowa sai agogon bango. To, wa ke zama shiru a gaban mai aski, ba halin gudu?

Bakaniken layinmu ne ya fara faɗawa tarkon. Baba ya aske masa rabin kai, ya kashe inji, ya jawo littafi daga ƙarƙashin tawul.

"Baba, wuta aka ɗauke?"

"Wuta na nan. Saurara. A-ku-ya... ta... shi-ga..."

"Ta shiga ina? Don Allah ƙarasa min, mota na bari a buɗe!"

"Ni ma so nake in san inda ta shiga."

Da rabin kai ba ka fita titi, dole ka jira akuya. Labari ya zaga. Telan layinmu ya koma aski a sabon shagon bakin hanya, bakanike ya bi shi, har mai shayi da gashinsa bai cika tafin hannu ba. Ni na fi kowa tsokana, in na wuce sai in leƙa in ce, "Baba, akuyar ta fito?" Sai ya yi murmushi, ya ci gaba da kaɗe kujerar da ba wanda ya zauna a kai.

Wata ranar da rana tsaka na leƙa da tsokanata a baki. Na tarar ya juya kujerar ta fuskance shi, ya shimfiɗa mata tawul. Yana karanta mata. Da ya kakare a wata kalma sai ya ɗago ya jira, kamar za a gyara masa. Ba a gyara ba. Ya rufe littafin ya ɗora shi can saman madubi, inda yake ajiye injinan da suka mutu.

Na shiga na zauna.

"Kai da aka aske jiya a bakin hanya? Me zan aske, tunani?"

"Ko shi ma ya yi yawa, Baba. Rage min."

Ya daɗe yana kallona ta madubin. Sannan ya ɗaura min tawul, ya miƙa hannu ya sauko da littafin. Karatuna ni ma rabin kai ne, kalmar da ta kayar da shi sai da muka taru a kanta.

Akuyar dai lambu ta shiga.