Illo, Wanda Ba a Ɗaga a Kafaɗa Ba

Duk Asabar, da Illo ya sallame sallar asuba, sai ya sauko daga hawa na tara na gidansu a Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon, ya ɗaure dogayen sandunan roba huɗu a kan motar aikinsa. A Lyon 'yan ƙungiyarsu ba su da filin ƙwallon Ostiraliya, na wasan rugbi suke ara. Rugbi sanda biyu gare shi a kowane gefe, wannan wasan kuwa huɗu yake so. Illo ke kafa sauran da sassafe cikin sanyi, shi ke tuge su da la'asar. Shekara goma sha uku ke nan, kuma ba wanda ya taɓa sa shi.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon kamar ƙwai yake, ana bugawa da ƙafa, ana cafewa da hannu. Wanda ya cafe shi a sama kafin ya taɓa ƙasa, sai a ba shi fili ya buga a natse, in ya shiga tsakiyar sanduna maki shida ne. Illo ɗan baya ne. Aikinsa shi ne ya hana cafewar nan. Yakan yi tsalle tare da abokin karawarsa, ya dunƙule hannu ya naushe ƙwallon ya yi waje. Shi ke nan aikin. In ya yi shi da kyau, babu abin da ke faruwa, 'yan kallo kuwa ba sa tafi don abin da bai faru ba.

Yatsunsa uku sun karkace. Matarsa Balkisa ta taɓa kama hannun ta nuna wa matata, tana cewa, "Dubi nan don Allah. Mazan mutane su je balo su komo da kofi, nawa ya komo mini da citta."

Yanis, ɗan gaban wata ƙungiya ta Paris, wanda ya sha karawa da shi, ya ce mini, "Mutumin nan ko banɗaki na nufa sai na waiga. Amma bai taɓa dukana a ɓoye ba, ko sau ɗaya."

Ƙungiyarsu tana da al'ada. Bayan kowane wasa ana zaɓen mutum uku da suka fi ƙoƙari, ƙarshen shekara a ba wanda ya fi ƙuri'a lambar yabo. Na tambayi mai riƙe takardun. A shekara goma sha uku, sau biyu sunan Illo ya fito, shi ma na uku. Masu zaɓen suna tuna wanda ya ci, suna mance wanda ya hana a ci su.

Ɗana Nazir yana da shekara goma sha bakwai lokacin da ya fara kwana a waje da wasu abokai da ban yarda da su ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi addu'a. Illo ne ya same shi a gindin bene ya ce, "Kai dogo, tsawon nan na ado ne? Zo ka kama mini kaya." Daga ranar yaron ya shiga wasan. Yau shekararsa ashirin da ɗaya, shi ne mai ci wa ƙungiyar.

A watan Yunin bana suka je wasan ƙarshe a Paris, ni ma na bi su. Illo ya riga ya faɗa cewa daga wannan ya aje, gwiwa ta ƙi. Saura abin da bai kai minti ɗaya ba, Lyon na gaba da maki biyu, sai aka ɗago ƙwallo can sama zuwa gaban sandunansu. Ƙattan Paris biyu suka taho a guje. Illo yana gaba da su, ya ba su baya. Ya san suna tafe, kowa a filin ya ji takunsu. Haka ya riƙa ja da baya, idonsa a sama, bai waiga ba, ya kai wa ƙwallon naushi daidai lokacin da suka haɗu da shi. Ƙarar haɗuwar har inda nake na ji ta. Aka busa tashi.

Sai 'yan wasa suka ruga wajen Nazir, wanda ya ci biyar a ranar, suka ɗaga shi a kafaɗa suna waƙar ƙungiya. Ɗana ne, amma wallahi kunya ce ta rufe ni. A wancan ƙarshen filin Illo na zaune a ciyawa, ya rungume hannu ɗaya, yana jan numfashi da ƙyar. Haƙarƙari biyu da ƙashin kafaɗa sun karye. A wasan nan akwai al'adar ɗaukar wanda zai yi ritaya a kafaɗa a fitar da shi daga fili. Shi 'yan kwana-kwana, masu kai waɗanda suka ji rauni asibiti a can, suka fitar da shi. An tanadi abinci a unguwar Château Rouge, 'yan wasa suka tafi bikin nasara, ni da Yanis muka bi shi asibiti.

"Alhaji, mun ci?" ya tambaye ni a kan gadon.

"Kun ci, Illo."

"To me ya sa ka ɓata rai kamar an kama maka mota?"

Illo, kai ne katangar da mutane suka jingina da ita har suka mance tana nan. Kai ne ka ɗauke mini dare marar barci, ban taɓa zuwa har gida na gode maka ba. Ni ma cin ɗana nake ƙirgawa a bakin fili, naka aikin sai ranar da ya karya ka na gan shi. Shugabannin ƙungiya sun sa hoton ranar a shafinsu, ba ka ciki. Mako biyu bayan haka suka kira ka a waya, suna tambayar inda ka aje makullin ɗakin kaya.

Nazir bai je cin abincin ba. Ya iso asibiti da rigar wasa a jikinsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Tonton yake kiran Illo, wato kawu.

"Tonton, ban gan ka ba. Wallahi ban gani ba."

"Ina za ka gan ni, kana can sama kamar ango? Shigo ka gyara mini matashin nan."

Da aka koma atisaye, Nazir ya gaya wa mai horarwa cewa baya yake so, wurin Illo. Uwarsa ta yi kuka. Ni na ce masa, "Ka ga dai yadda ya ƙare. Wa ya tuna da shi?" Ya ce, "Baba, ai shi ya sa."

Na gode, Illo. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Masu zaɓen gwani, ku riƙa juya kai ku dubi baya. Matasanmu na Lyon da Paris, ku yi koyi da mutumin nan a fili da wurin aiki, ko da ba wanda zai tafa muku. Ina faɗar haka da nauyi a ƙirji, don na farkon da ya amsa nawa ne. Asabar mai zuwa zan je fili. Na san Nazir ba zai waiga ba, haka ka koya masa. Shi zai dubi ƙwallon, ni zan dubi masu tahowa ta bayansa.