'Yar Tafinta da Haƙƙin Kankana

Duk Bahaushiyar da ta zauna a Alƙahira ta yi kewar miyar kuka, to ta san Hajiya Hawwa ta Hadayek el-Ma'adi. Daga unguwar Hayyus Sabi' nake tasowa, in sha matsi a mikrobas, in sha a metro, don kawai in sayi kuka da daddawa a ɗakinta. Maigidana kan ce kuɗin motar ya fi na cefanen. Ina ruwana, hira nake zuwa saye.

Bahaushiyar Sudan ce, daga wani ƙauye kusa da Sinnar. Hausarta irin ta kakanninmu ce, sai dai Larabci ya yi mata kaka-gida. Ba ta taɓa ganin Katsina ba, amma in na yi mata gardama a kan yadda ake tuƙa tuwo, sai ta ce mu ne muka ɓata girkin.

Da ta ɗora shayi, hira ɗaya ce: mahaifinta, Malam Harun, tafintan kotu a zamanin Ingilishi. Tana yarinya takan laɓe a bayan darni ta kalle shi tsaye cikin farar jallabiya, kusa da teburin mufattish, Baturen da ke mulkin yankin. Baturen na jin Larabci, ba ya jin Hausa. Kafin zuwan teburin nan, in ji ta, dattawa ke shari'a a inuwar tsamiya. Kowa ya zuba zancensa har ya ƙoshi, a sha ruwa, a ci gaba, ba a tashi sai an yi musabaha. Mufattish kuwa agogonsa yake ajiyewa a gabansa, amsar da yake so kuma ita ce e ko a'a. Duk da haka tana kewar lokacin, don mahaifinta na raye, ana miƙe masa a kasuwa.

Sai da muka shaƙu sosai ta gaya mini abin da ke cin ta.

A al'adarsu, matafiyi in ya ratsa gona da ƙishirwa yana iya tsinkar abin da zai ci nan take, muddin bai tafi da komai gida ba. Wani manomi, Malam Sulaimanu, ya ratsa gonar gwamnati ana tsananin rana, ya fasa kankana ya sha, ya ajiye ɓawon a bakin hanya yadda mai gona zai san matafiyi ne. Aka kama shi. A kotu ya yi bayanin al'adar tiryan-tiryan, da kwanciyar hankalin wanda ya san bai yi laifi ba. Malam Harun kuwa an sha yi masa tsawa a kan dogon zance, ga iyali a wuyansa. Sai ya juya ya ce wa mufattish, "Ya ce ya sha." Ya tsaya nan.

Aka ɗaure Malam Sulaimanu da sunan ɓarawo. Ya fito da tari, damina ba ta zagayo ba ya rasu. Iyalinsa suka tattara suka bar garin saboda kunya.

"Da Baba zai cika, hannuna ya riƙe," in ji Hajiya. "Ya ce in nemo gidan Sulaimanu in roƙa masa gafara. Haƙƙin mutum ai sai mai shi ya yafe. Na aika Kassala, na aika Gadarif, shiru. Ga shi na tsufa, 'yata. Me zan je in ce masa?"

Yaƙin Sudan ne ya kawo mata abin da ta gaza samu. Wata rana wata baƙuwa da yaƙin ya koro, mai suna Mardiya, ta zo sayen kuɓewa busasshiya. Hajiya, da ba ta barin baƙo sai ta tone asalinsa, ta yi ta tambaya har aka iso kan sunan kaka. Mardiya jikar Malam Sulaimanu ce, kuma mahaifinta, Baba Kamilu, yana nan bayan layin su Hajiya.

Ni na raka ta, ranar Juma'a da hantsi. Hajiyar da ke yi wa masu tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, faɗa kamar 'ya'yanta, ran nan sai da na riƙe ta a matakala. Muka iske Baba Kamilu a kan katifa, dogon tsoho da carbi. Hajiya ta ƙi kujerar da aka miƙo, ta zauna a ƙasa, ta faɗi ko ita wace ce, ta isar da saƙon.

Ya ce, "'Yar Malam Harun, abu ɗaya zan tambaye ki. Mun yi ta gardama a gidanmu. Mahaifinki ya gaya wa Baturen al'adarmu, shi ne ya ƙi ji, ko kuwa bai gaya masa ba?"

Wallahi na so ta ce ya gaya masa. Duk wanda ya halarci zaman nan ya mutu, ba mai ƙaryata ta, kuma da an wuce wurin cikin sauƙi. Har zungurarta na yi da gwiwa.

"Bai gaya masa ba, Yaya Kamilu," in ji ta. "Tsoro ya ji."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ɗan ɓarawo aka riƙa kirana har na yi gemu," ya ce. "Wannan nawa ne, kuma na yafe, khalas, shi ke nan, duniya da lahira. Na babana kuwa ba ni da iko a kansa. Su biyun suna wuri ɗaya yanzu, a gaban Wanda ba ya bukatar tafinta."

Hajiya ta ce ta gode. A hanyar komawa na kasa haƙuri, na ce mata da ta sassauta zancen da ta samu duka.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata," in ji ta. "Rage zance ne ya ja mana wannan tun farko. Rabin da na samu shi zan kai wa Baba."