Gonar Aro a Zoza

Shekarun da na yi ina shugabantar wata firamare a yankin Zoza, na gaji da raka sababbin malamai tasha. Za a turo matashi, ya kwana biyu, ya ga babu lantarki, waya ma sai an hau tudu take shiga, sai ya fara zaryar ofishin ilimi a Rogo yana neman canjin wurin aiki. Ban ga laifinsu ba, amma raina yana ɓaci, don 'yan aji shida ne ke zama babu mai koya musu lissafi.

Da aka turo mana wani ɗan birni, siriri, takalminsa kullum yana sheƙi, na ce a raina wannan ko damina ba zai kai ba. Ga shi kuma ya iya aiki, har yaran da ke gudun lissafi suka fara rige-rigen fita allo. Na kai kukana wurin mai unguwa.

Dattijon ya ce, "Malam, mu nan idan muna son baƙo ya zauna, gona muke ara masa."

Aka yanka masa gona bayan makaranta. Ya zo wurina a ruɗe, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ko fartanya ban taɓa riƙewa ba." Na ce hannu zai koya. Iyayen yara suka yi masa gayya, aka shuka gyaɗa da dawa. Ranar noman farko ya tuge gyaɗa ya bar ciyawa, aka yi ta dariya har da shi.

Bayan kaka wani kamfani a Kano ya kira shi aiki. Da kansa ya gaya mini, ya ce yana shawara. Ban roƙe shi ba, don ban san abin da zan ba shi da ya fi nasu ba. Na yi ta karantar fuskarsa ban gane komai ba, abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Wata safiya da rani ina kan babur zan tafi Karaye, sai na ga amalanke yana juye taki a gonarsa, shi kuma tsaye da wando a nannaɗe yana nuna inda za a zuba. Na ja birki. A wajenmu, babu mai kai taki gonar aro sai wanda zai noma ta baɗi.

Na ce, "Malam, ka san abin da mutanen gari za su ɗauka kuwa?"

Ya ce, "Sai da na tambaya kafin in sa a kawo, ranka ya daɗe."

Na fasa tafiyar. Na kafe babur ɗin, na tuɓe babbar rigata, na ce a miƙo mini shebur.