Muryar da Ke Fitowa Daga Bango

Shekara goma sha ɗaya Baba Mai Gadi ya yi a ɗan ɗakin ƙofar masana'anta. Da aka sa kyamara, sai aka dasa masa allo a gabansa, lasifika kuwa aka maƙala ta a bangon dama saboda wayarta ba ta kai wajen allon ba. Direba zai tsaya a ƙofa, bakinsa na motsi a allo, muryarsa na fitowa daga gefe. Kwana uku abin ya dame shi. Daga nan muryar ta koma bakin mai ita, shi ma ya manta.

A gida abin ya ɓullo. Ya taso aiki da la'asar, matarsa ta kira shi daga bayan labulen da ke gabansa, sai ya juya hagu, wajen bango.

"Malam, da bango kake gaisawa? Ko ya fi ni kyau ne?"

Ya yi dariyar yaƙe. Haka mahaifinsa ya fara, yana amsa kiran da babu mai yi, har aka kulle shi a ɗaki. Matar ba ta sani ba. Ce mata ya yi zazzaɓi ne ya kashe tsohon.

Sai ya daina waiwaye. In an kira shi ya ƙame, har idonsa ya nemo mai magana. Maƙwabta suka ce girman kai ne. Ya gwammace hakan.

Ranar da mai babur ya danna masa hon a bakin masana'anta, ya duba inda babu kowa, babur ɗin ya shafi rigarsa. Ya koma ɗakin gadi. Mai gyaran wuta na ciki, baƙo ne, gobe ba zai gan shi ba. Shi ya sa ya faɗa masa komai.

Mutumin ya dubi allon, ya dubi lasifikar.

"Haba Baba! Kunnenka ne ya bi idonka. Wuni guda kana koya masa dama ce gaba, ka fita kuma ka ce ya manta nan take?"

Ya ƙara wa wayar tsawo, ya dawo da lasifikar ƙarƙashin allon.

Bayan kwana biyu matar ta sake kira. Baba ya tsaya ya saurara. Daga labulen muryar ta fito.

"Yau bangon bai yi magana ba?" in ji ta.

Ya buɗe baki zai ba ta labarin mahaifinsa. Sai ya ce ta kawo masa ruwa.