Baba Hashimu Wanzami da Rabin Askin Juma'a

Kafin manoma su saɓa fartanya, Baba Hashimu ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin durumin garinmu, nan kusa da Ɗambatta. Zai buɗe zabira, ya wasa aska a fata, ya kaɗa sabulu, ya ɗora farin ƙyalle a gwiwa. Ja ɗaya, goge ɗaya. Ba ya mayar da aska kan mutum da kumfa a jikinta, domin a cewarsa kumfa ce ke ɓoye kaifi, sai a yanki bawan Allah ba a sani ba. Masu gaggawa sun sha yi masa tsegumi, bai fasa ba.

Wata Juma'a Sama'ilu yana ƙarƙashin aska, sai ga ƙanensa Abdulkabir. Rigimar iyakar gona ta raba su, har ana zancen kotu. Baba Hashimu ya aske wa Sama'ilu rabin kai, ya ce, "Gyara can, sabulun ya jiƙa." Ya zaunar da ƙanen, shi ma ya yi masa rabi. Sai ya zauna a kan hulunansu, ya shiga goge aska.

"Baba, an kusa kiran salla fa!" in ji Sama'ilu.

"Kanku ya yi zafi, jijiya ta tashi. In na ci gaba zan yanke ku."

"Askar ai ta gogu tun ɗazu!" in ji Sama'ilu.

"Ni nake ganin kumfar, ba kai ba."

Masu tafiya masallaci suka taru suna dariya. Abdulkabir ya dubi kan yayansa, gefe fes, gefe daji, dariya ta ƙwace masa. A kan tabarmar nan suka yarda bishiyar ɗorawa ce iyaka, kalwar kuma a raba. Da aka tambayi Baba in da sun ƙi shiryawa fa, cewa ya yi, "Da haka za su yi Sallah babba."

Baba, bana ido ya ce ka huta, ka rataye zabira. Kai ne wanda manya ke sunkuyar wa da kai ba gardama, kuma ba ka taɓa fitar da zancen da ka ji a tabarma ba. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya.

Ku kuma samari masu injin aski, ku je ku zauna wurinsa ku koyi natsuwa. Ku dai riƙe hulunanku a hannu.